Wata Biyar a Ƙofar Alhaji

Wuri mafi arha da na taɓa ajiye karaban ɗina, wato ɗakina mai taya, a Ingila shi ne ƙofar gidan wani Alhaji a Handsworth, cikin Birmingham. Wata biyar na yi a can ban biya ko sisi ba, kuma da gangan na je, don in ƙuntata masa. Har yau idan na tuna yadda yake fitowa da sassafe cikin jallabiya da hular sanyi yana kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa a bakin titi, ni kuwa ina zaune a gurbin motar ina kurɓar shayi ina kallonsa ta taga, sai in ji wani daɗi da bai kamata mai shekaruna ya ji ba.

A shekarun da gwamnatin ƙasar ta tsuke bakin aljihu ne abin ya faru. Ina karatun digiri na uku a Birmingham, ina haya a Selly Oak, sai kuɗin tallafin da jiharmu ke aiko mana ya tsaya cak. Na mayar da matata da yara gida, na samu koyarwa ta awa-awa a Manchester, kwana biyu a mako. Haya a gari biyu ba ta yiwuwa, haya a gari ɗaya ma ta fara gagara. Wani ma'aikacin ɗakin gwajinmu ya sayar min da tsohon karaban ɗinsa da arha, saboda yana yoyo ta kusurwa ɗaya. Ɗaki ne mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a ja, da gado, da murhun gas, da ɗan tebur wanda idan na buɗe littafi biyu a kai sai na uku ya sauka ƙasa. Na yi zaton na rabu da biyan haya ke nan. Ashe ɗaki mai taya ma sai an biya ƙasar da zai tsaya a kai.

Shekara biyu na yi ina yawo tsakanin garuruwan nan, kuma a cikinsu na koyi sana'ar neman masauki. Manyan sansanoni masu shago da wurin wasan yara ba nawa ba ne, kwana ɗaya a can ya ci cefanen mako. Nawa su ne ƙananan filayen manoma, inda ake karɓar karaban biyar kawai, ka yi kwana ashirin da takwas ka tashi, ka je wani wurin ka dawo. Ina samun labarinsu a shagunan abincin dabbobi da allunan sanarwa na ƙauyuka, ina rubutawa a wani ɗan littafi: wanda ke da famfo, wanda ke da wuta, wanda karensa ba ya son baƙin mutum, wanda mai filin ne ba ya so. Babban abin dubawa shi ne ƙasa. Idan ciyawa ce, ruwan kwana uku ya isa ya binne tayarka. Idan tsakuwa ce, ka tsira. Matsalar ita ce kusan dukkansu suna rufewa daga ƙarshen Oktoba sai bazara, kuma wurin ninƙaya na council, wato ƙaramar hukuma, da nake shiga in yi wanka da arha an rufe shi tun shekarar farko.

Fili ɗaya ne a littafina na ja wa layi biyu a ƙarƙashi. Yana tsakanin Stoke da Stafford, kusan rabin hanya, mallakar wata tsohuwa Baturiya da ta haura saba'in, mijinta ya rasu, tana kiwon tumaki ita kaɗai. Tana da tsakuwa a bayan rumbun ciyawa, da wuta, da ɗakin wanka mai ruwan zafi, kuma abin da take karɓa a wurina bai kai rabin na kowa ba, saboda ina ɗaga mata buhunan abincin tumaki, ina gyara mata shinge. Ba ta da yawan magana. Dokokinta uku ne, ta faɗa min su ranar farko tana ƙirgawa da yatsu: kada mota ta hau ciyawa bayan ruwa, kada baƙi su wuce mota ɗaya, kuma duk wanda ya buɗe ƙyauren gona ya rufe shi a bayansa. Ƙyauren yana da kwaɗo mai lamba huɗu. Sai da na yi zuwa uku kafin ta ba ni lambar, ta ce ko ɗanta da ke Landan sai ya yi waya take buɗe masa.

A shekara ta biyu ta ce in zauna a wurinta duk lokacin sanyi, a matsayin mai taimaka mata. Wannan alkawari shi ne komai a wurina. Babi uku suka rage min a kundin digiri, bizata kuma za ta ƙare a bazara. Idan na samu wuri mai ɗumi da wuta zan gama. Idan ban samu ba, zan koma gida bayan shekara biyar hannu rabbana, in kalli matar da na sallama da alkawarin cewa wahalar ta ɗan lokaci ce.

Shi kuwa Alhaji mutumin Ghana ne, haifaffen zangon Kumasi, ya daɗe a Handsworth yana harkar aika kaya gida a jirgin ruwa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci gidansa ake cika, mu ɗalibai 'yan Najeriya da 'yan uwansa 'yan Ghana, Hajiyarsa ta cika mu da shinkafa da wake da miyar yaji. Yana kirana Dokta tun ban zama ba, cikin tsokana. Na ci abincin gidan nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma a kan wannan abinci bakina ya ja min. Wata Juma'a ana kukan tsadar haya, sai na hau alfahari da filina, da faɗinsa, da koren ciyawa har iya ganinka, da arharsa. Na rufe da abin da kowane Bahaushe ke rufewa da shi, na ce ku zo ku gani wata rana.

Bayan mako biyu Alhaji ya kira ni ya ce ranar Lahadi za su leƙo, shi da Hajiya da mutum biyu-uku, in turo masa lambar ƙyaure don kada su dame ni da waya. Na tuna fuskar tsohuwa ranar da ta ba ni lambar nan. Na kuma tuna farantan da na sha lashewa a falonsa. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya girme ni da shekara ashirin, wanda bai taɓa rufe min ƙofarsa ba, ya tsaya a waje sai na zo na buɗe? Na tura masa.

Abin da bai faɗa min ba shi ne an yi masa jika, kuma zauren unguwa da suka saba yin walimar suna a ciki council ta rufe shi, sauran zaurukan kuma sun yi masa tsada. An kwana uku ana ruwa. Da hantsi ina wanke kofi sai na ga motarsa baƙa doguwa ta shigo, wata na bin ta, wata na bin wannan. Na daina ƙirgawa a ta goma sha tara. Tsakuwa ba ta ɗauki ko huɗu ba, sauran suka bazu a kan ciyawa, tayoyi suna juyawa suna watsa laka. Mata suka fito da manyan tukwane, maza suka kafa rumfa. Kowa ya sauko sai ya nufo ni da fara'a, Dokta sannu da gida, Dokta ashe daula kake sha a nan. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba: ban kori kowa ba. Ni na shimfiɗa musu tabarmi, ni na nuna musu famfo, har na ci naman sunan.

Bayan addu'a Alhaji ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce kakansa mai masaukin fatake ne a zango, baƙo kan sauka a gidansa ya yi wata shida, ya yi shekara, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ya tambayi baƙo yaushe zai tafi ba. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ma haka na gada. Ƙofata a Handsworth always open take. Duk wanda ya ji na tambayi baƙo ranar tafiyarsa, ya ce ni ba jikan kakana ba ne." Aka yi ta kabbara da tafi.

Ƙyauren kuwa ba wanda ya rufe. Duk wanda ya shigo yana ganin rashin kunya ne ya rufe ƙofa alhali akwai na baya, na ƙarshen ma ya ɗauka akwai wani a bayansa. Hayaniya ta firgita tumaki, suka bi gefen shinge suka fice titi. Wata motar kaya ta buge biyu. Na hango tsohuwa da takalman roba da sanda tana gudun da ƙafafunta ba za su iya ba, tana kiran tumakinta da sunayensu, mutanenmu kuma suna tsaye da faranti a hannu suna kallo. Da yamma da aka watse, filin ya koma kamar an yi masa huɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a bakin karaban ta ce tana so in tashi kafin Laraba, ta juya.

Washegari na kira Alhaji na faɗa masa an kore ni, na roƙe shi ya zo mu ba ta haƙuri tare, ko za ta sauko. Ya yi dariya. Ya ce tunkiya biyu ce fa, Dokta, kuma Bature da son ƙa'ida sai ka ce shi ya halicci ciyawar. Ya ce Allah zai buɗa min wata ƙofa, yana da customer a gabansa, ya kashe waya. Wannan dariyar ce ta tsaya min a wuya.

Oktoba ɗin nan ba na son tuna shi. Na bi littafina shafi-shafi ina waya, wannan ya rufe, wannan ya cika, wannan ya ninka kuɗi. Na kwana huɗu a bayan wani babban gida da aka yanka flat-flat a Whalley Range, cikin Manchester, inda wani abokina ke haya, sai mai gidan ya manna min takarda a ƙofa. Na gwada titunan Selly Oak, ko juyawa ban iya yi ba saboda motocin ɗalibai. Na koma kwana a gefen babbar hanya inda direbobin tirela ke hutawa, ba wuta, ba ruwa, duk motar da ta wuce sai ɗakin ya girgiza. Tukunyar gas ta ƙare, danshi ya kama bango, na buɗe jakar takarduna na tarar funfuna ta ci gefen babi na huɗu. Wata guda ban rubuta layi ɗaya ba. Ina zaune da bargo biyu ina jin dariyar nan a kunnena, sai jawabinsa na ranar suna ya faɗo min, kalma bayan kalma.

Gidan Alhaji yana cikin jerin tsofaffin gidajen jan bulo masu haɗe da juna, amma nasa ne na ƙarshe, kuma ya fasa lambun gaba ya shafe shi da siminti don motarsa. A duk layin shi kaɗai ke da wurin ajiye mota, kuma ba ya gajiya da faɗa. Ranar Juma'a ya tafi masallaci da motar kamar kullum. Ni na yi sallata a wani masallacin da ke saukowa da wuri, na ja karaban ɗina, na yi baya da shi a hankali har ya zauna daram a kan simintin, na sauke ƙafafunsa huɗu, na kwance mota. Da ya iso da jama'arsa, mutum kusan goma sha biyar, ya tarar da ni a tsaye da butata a hannu. Na yi sallama, na rusuna na gaishe shi yadda ya kamata.

"Alhaji, baƙo ya sauka. Ka ce ƙofarka a buɗe take, ni kuma ba ni da inda zan je."

Ya dubi karaban, ya dubi motarsa da ke tsaye a tsakiyar titi bas na yi mata ham, ya dubi mutanen da suka yi masa tafi ranar suna. Wani dattijo ya ce masha Allah, jikan mai masauki ke nan. Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce maraba, Dokta, gida naka ne.

Bayan an watse na same shi shi kaɗai a falo, na faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. Na ce hanya biyu ce za ta tashe ni daga ƙofarsa. Ko ya tambaye ni da bakinsa yaushe zan tafi, ranar Juma'a, a gaban jama'a. Ko ya bi ni gonar tsohuwa ya ba ta haƙuri, ta mayar da ni wurina. Ya ce shi bai yi wa kowa laifi ba, kuma baƙo ba ya gundurarsa. Na ce madalla, ina ne soket mafi kusa da taga?

Daga ranar muka shiga wani yaƙi na ladabi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, shi ma bai taɓa ba. Kullum da safe ina fita in gaishe shi, in tambayi kwanan iyali, in yi masa jajen sanyi yayin da yake kankare gilashi. Wayar wutata ta bi ta tagar falonsa, don haka tagar ba ta rufuwa sosai, iska na shiga daidai inda yake zama. Motarsa ta koma kwana a titi, bas ta cire mata madubi, tsuntsaye suka yi mata ado. Ranar da ya dawo ya rasa gurbi sai ya kai ta layi na uku ya tako a ƙasa cikin ruwa. Ina ganinsa ta labule, in ƙara sukari a shayina.

Shi ma ba kanwar lasa ba ne. Duk dabarar da Bahaushe ke sallamar baƙo da ita ba tare da ya furta ba, sai da ya gwada. Ya riƙa tambayata lafiyar iyali a gida, yana cewa yara suna bukatar uba. Ya kawo min labarin wani fili mai arha a Wales. Wata rana ya aiko min da ƙunshin kilishi da garin rogo da turare, irin guzurin da ake haɗa wa matafiyi. Na je har falo na yi godiya, na zauna a gabansa na cinye kilishin. Ya fara raka ni bakin titi duk ranar da zan tafi Manchester, yana addu'ar Allah ya kiyaye hanya da wata irin murya mai fata, ni kuma in ce amin, sai jibi idan na dawo.

A Disamba wani maƙwabci ya kai ƙara. Alhaji ya tare ni da takardar council yana ɓoye murna, yana cewa ka gani, Dokta, ba ni ba ne, hukuma ce. Da jami'in ya zo ya duba, sai ya yi bayani cewa idan mai karaban yana zaman kansa ne, yana girkinsa yana wankansa a ciki, to an mayar da wurin gida na biyu ba izini, kuma mai gida za a tuhuma. Amma idan baƙon iyali ne da ke ci a cikin gida, yana wanka a cikin gida, kwana kawai yake a waje, ba ruwansu. Ya tambayi Alhaji wanne ne. Alhaji ya ce baƙonsa ne. Daga ranar na koma cin abinci sau uku a teburinsa da umarnin hukuma, ina kuma riga shi shiga banɗaki da safe.

Mutum ɗaya ce ta sa na ji kunya, ita ce Hajiya. Ba ta taɓa canza min fuska ba, ba ta taɓa rage min nama ba. Wata rana na kai faranti kicin, tana tsaye a bakin famfo, ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, ni ba da ni kuke yi ba, amma ni ke wanke tukunyar." Tun daga ranar na karɓi wanke-wanke, ina sayo buhun shinkafa da mai idan an biya ni. Amma ban tashi ba. Na ji kunyarta ƙwarai, sai dai haushin mijinta ya fi kunyar yawa.

A cikin wannan ɗumi na wutar Alhaji na rubuta babi ukun nan. Ban taɓa aiki da kaifin ƙwaƙwalwa irin na lokacin ba, kuma na san ƙiyayya ce take tashina da asuba. Duk Juma'a ina zama kusa da shi a falo, in jawo hirar kakansa, in ce Alhaji a ƙara ba mu labarin mai masaukin nan. Jama'a sun gane abin da ake ciki, wasu suna danne dariya, wasu suna zuwa don kallo kawai. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya koma cin abinci shiru. Ya rame. Na lura, kuma ban ji tausayinsa ba.

Na miƙa kundina a farkon Maris. Ko da na miƙa ban motsa ba, domin har yanzu ina bukatar wurin zama kafin jarrabawar baki, kuma filin tsohuwa nake so, ba wani ba. Ina kewar wurin nan fiye da yadda na zata, da rumbun, da kukan tumaki, da yadda take ajiye min ƙwai a kan matakala ba tare da ta ce komai ba. A ƙarshen watan, wata Asabar da safe, Alhaji ya ƙwanƙwasa min ƙofa a karo na farko cikin wata biyar. Yana sanye da babbar riga. Hajiya na tsaye a bakin ƙofar gida da hannu a ƙugu. Ya ce in shiga mota in nuna masa hanya.

Lokacin haihuwar tumaki ne. An canza kwaɗon ƙyaure, don haka muka tsaya a waje na yi ta kira har ta fito daga rumbu, hannunta duk jini da majina. Ta ƙara tsufa. Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya durƙusa a cikin laka kamar yadda ake yi wa manya a gida, ita kuwa ta ja da baya don ba ta san me ake nufi ba. Ya yi magana da Turanci mai kyau. Ya ce shi ne ya kawo mutanen, shi ne ya ɓoye wa Dokta yawansu, shi ne ya yi dariya da aka faɗa masa, kuma ya zo neman gafara. Ta dube shi ta ce ramukan da motocinsa suka haƙa suna nan, ta kusa karya ƙafa a ɗaya. Ta nuna masa baro da shebur.

Wuni muka yi muna cike ramuka. Na bar masa baron. Alhaji da ko jakarsa ba ya ɗauka da kansa ya tura ƙasa sawu bayan sawu, babbar riga a rataye a shinge, tafin hannunsa ya yi ƙuraje ya fashe. Yana haki yana tsayawa, ni ina nuna masa ramin da ya tsallake. Wata biyar nake jiran wannan wunin, kuma bai ba ni kunya ba, ya yi daɗi yadda na zata.

Da la'asar ta kira mu kicin ta ba mu shayi da biskit. Ta ba Alhaji man shafawa don hannunsa, har ta tambaye shi sunan jikan. Ta ce magana ta wuce. Na gyara zama, na ce to yaushe zan kawo karaban, ko Litinin ta yi mata?

Ta ajiye kofinta. "Shi na yafe masa," in ji ta. "Ban san shi ba, bai yi min alkawarin komai ba. Kai na ba lambar."

Na fara bayani, cewa a wurinmu ba a hana babba abin da ya roƙa, ba a korar baƙo, ba a rufe ƙofa a fuskar na baya. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta gane, al'ada ce mai kyau, kuma ta tabbata idan wani babban ya sake roƙona zan sake bayarwa. Ta raka mu har ƙyaure, ta rufe, ta juya lambobin kwaɗon da tafin hannunta a kai don kada in gani.

Mun kama hanyar Birmingham. Yana tuƙi da yatsu saboda ciwon hannu. Na zauna ina jiran dariyar nan tasa, na ma shirya amsar da zan ba shi, mai zafi. Muka wuce Stafford, muka wuce Walsall, bai yi ba. Sai da muka shigo layinsu, karaban ɗina ya bayyana a kan simintinsa da wayar wuta a maƙale a taga, sannan ya yi gyaran murya.

"Kada ka damu, Dokta. Wurinka yana nan. Ni dai ba zan tambaye ka ba."

Ba gatse a muryarsa, na saurara da kyau ban ji ba. Da gatse ne da na ci gaba da zama, amma alheri ne, shi kuwa ban shirya masa ba. Washegari da safe na naɗe wayata, na rufe masa tagarsa da hannuna, na yi wa Hajiya sallama, na ɗaura karaban na koma gefen babbar hanya wurin direbobin tirela. A can na zauna har na yi jarrabawa. Tumakin nan biyu na daɗe da yafe wa Alhaji su, da dariyar, da Oktoban da na yi cikin funfuna. Maganar da ya yi min a mota ce har yau ban yafe ba.